Tsanwa Ta Hau Dutse da Ƙafarta, Ta Sauko a Bayan Janwe

Asabar: Pleasant Garden, ƙarfe shida da minti goma

Muna sallame sallar Asuba na ɗaga ƙofar gareji. Gari bai waye ba, ga sanyin ƙarshen Nuwamba har cikin haƙori. Ku da ke gida kun ishe ni da tambayar yadda tafiyarmu ta dutse ta kasance. To ga ta nan. Amma ku sani har yanzu raina a ɓace yake, kada wani ya ce Habibu ya cika zafi.

Tsanwa motata ce, 'yar Ingila, kujera biyu, ƙirar ƙarshen shekarun sittin. A rumfar wani dattijo mai kiwon dawaki a Summerfield na tsince ta, kaji suna ƙwai a kan kujerar direba. Shekara bakwai na yi ina tada ta, duk Asabar da Lahadin da ba ni da shifti. Abin taƙamata a jikinta shi ne injin. Lambar da ke jikinsa ita ce a takardar da ta fito da ita daga kamfani, ba a taɓa canza shi ba. A wurin masu tsofaffin motoci a nan Amurka, wannan ita ce darajar mota gaba ɗaya. Ranar da injin nan ya mutu, ko na zinariya ka sa mata, ta zama gangar jiki kawai.

Dalilin tafiyar kuwa Alhaji Garba ne na Summerfield. Shekara uku bawan Allahn nan yana yi mini gori a ƙofar masallaci da jar motarsa 'yar Amurka. Da na gaji na ce masa gani ya kori ji, mu hau dutse har Boone, mil ɗari da ashirin, mu kwana mu dawo. Muka naɗa Malam Bitrus alƙali, mutumin Zonkwa ne, dattijon coci, ba ya ƙarya ko a wasa.

Abokin tafiyata Yaya Sani ne, wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ba ni shekara goma sha biyar, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Bakanike ne, shekara arba'in a Panteka ta Kaduna. Tun watan Agusta yake gidana, an yi masa aikin ido. Ya fito da rigar sanyi biyu da mayafi a wuya, matata Maman Ikram ta miƙa masa filas ɗin shayi da dambun nama.

"Ku dawo da ita lafiya," in ji ta. "In wani abu ya sami motar nan, ba za a zauna gidan nan ba."

Murɗawa ɗaya Tsanwa ta tashi.

Kernersville, ƙarfe bakwai saura biyar

Mil ashirin da takwas. A gidan mai muka yi za mu haɗu, kuma tun kafin in ga Alhaji na ji shi. Salansar motarsa sai ka ce injin niƙa ya sami sabon fambel. Ya faka, ya ƙara taka totur sau biyu don mutane su waiwayo, sannan ya fito yana gyara hula.

"Malam Habibu, ashe keken ɗinkin naka ya iso! Turo shi kuka yi?"

"Alhaji, ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Malam Bitrus ya fito da takarda ya karanta mana kamar a kotu. Ta Alhaji: silinda takwas, lita biyar da 'yan kai, ƙarfin doki ɗari uku, giya da kanta take shiga. Tawa: silinda shida a jere, lita biyu da rabi, doki ɗari da 'yan kai, giya huɗu na hannu. Alhaji ya fashe da dariya har da dukan bonet.

"Doki ɗari! Ai nawa ɗari biyun barci za su yi."

"Karanta nauyi, Malam Bitrus," na ce.

Ta Alhaji ta fi tawa da kusan buhun masara huɗu. Wannan bai ba shi dariya ba. Muka cika tankuna har baki, galan dala uku da 'yan kai, don in mun hau dutse a ga wadda ta fi zuƙa. Yaya Sani ya zagaya jar motar, ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, ya ji ba ƙarfe ba ne.

"Alhaji, wannan ai roba ce."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in goya shi.

Winston-Salem zuwa Wilkesboro

Bayan Winston-Salem muka kama hanya mai lamba 421, miƙaƙƙiya, babu cunkoso. Ina tafiya mil sittin da biyar, inji yana waƙarsa, sai Alhaji ya zo ya wuce ni fuu, har da ɗaga hannu. Gaskiya ɗaya ce, a miƙaƙƙiyar hanya ba ni da abin cewa. Na sauke giya ta uku na taka, ko ƙurarsa ban gani ba. Haushi ya cika ni.

Ga wani haushin kuma. Na kunna hita, iska mai sanyi take busowa. Yatsun ƙafata sun mutu. Allurar zafin inji tana can ƙasa a kwance, ta ƙi ɗagowa. Yaya ya nuna ta da baki.

"Ka ga allurar nan? Ko motsi."

"Aikina ne, Yaya. Tun da na daidaita kafireto a watan Satumba ta daina zafi."

Ya yi murmushi, ya kurɓi shayinsa. Lokacin da ya zo ana zafin da ya ce ya fi na Kaduna, kuma duk ranar da na kai shi Juma'a cikin gosulo allurar nan sai ta haura har ta kusa ja. Rana ɗaya kawai ta daina. Ni kuwa na bi gari ina yabon hannuna, har Alhaji sai da na yi wa lacca a kan kafireto.

Bayan Yadkinville muka hango fitila mai shuɗi a gefen hanya. Ɗan sandan hanya ne, a gabansa ga jar mota, ga Alhaji ya ɗora hannu biyu a sitiyari kamar ɗalibi. A ƙasar nan babu shinge, babu buhun yashi, amma mutanen nan suna nan a laɓe bayan bishiya.

"Ba za mu tsaya a ba shi na goro ba?" in ji Yaya.

"Yaya, nan in ka miƙa na goro, a bayan kanta za ka kwana."

Na wuce su a hankali, na danna ham sau ɗaya. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji.

Ƙarfe tara saura kwata muka tsaya karin kumallo a Wilkesboro, muka jira su minti ashirin. Na ce wa mai kawo abincin kada naman alade ya kusanci farantinmu, ta ce ta gane. Ta kawo ƙwai da burodinsu mai laushi da wani farin fate na masara, ba gishiri ba yaji, dala goma sha ɗaya kowane mutum. Yaya ya ɗanɗana ya ture, ya buɗe dambunsa. Alhaji ya shigo da takarda a hannu, fuska a murtuke.

"Gargaɗi ne kawai," ya ce tun ba a tambaye shi ba.

"Na rubuta," in ji Malam Bitrus. "Miƙaƙƙiyar hanya ta Alhaji ce. Takardar 'yan sanda ma tasa ce."

Hawan dutse

Daga Wilkesboro zuwa Boone mil talatin da 'yan kai ne, rabinsu hawa. A wajen Deep Gap kunnuwana suka toshe. Nan ma silinda takwas ta nuna kanta, Alhaji yana hawa kamar a gangare yake, ni ina giya ta uku ina lallashi. Amma na san abin da na tanadar masa. Ƙarfe goma da rabi muka ratsa Boone, muka nufi Blowing Rock, daga nan muka kama tsohuwar hanyar Linville. Mil goma sha tara, kwana a kan kwana, dutse a dama, rami a hagu.

Jama'a, a nan Tsanwa ta rama mini gorin shekara uku. Giya ta biyu, ta uku, ta biyu, duk inda na nuna mata nan take sa hanci. Ban wuce ƙa'idar gudu ba, ban kuma taɓa birki ba sai jefi-jefi. A madubi ina ganin jar motar tana shiga kwana da kafaɗa, dogon hancin nan yana neman layin tsakiya, fitilar birki a kunne kullum. Bayan mil biyar na daina ganinta. Yaya ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana salati, amma bakinsa har kunne.

"Yaro, motar nan tana da tarbiyya!"

Minti tara muka jira su a Linville. Da suka iso birkin Alhaji ƙauri yake yi, Malam Bitrus ya fito yana dafe da ciki. A gidan mai aka sake cika tankuna, ta Alhaji ta sha kusan ninkin tawa. Ya ce ai mai kyau ba ta cin kaɗan. Na ce masa raƙumi ma ba don kyau yake shan ruwa ba.

Masauki, bayan garin Boone

Ƙarfe huɗu da rabi muka sauka a wani ƙaramin masauki, ɗakuna goma a jere, dala casa'in da biyar ɗaki, ba gareji, mota a fili take kwana. Mai wurin wata tsohuwa ce mai fara'a. Tana miƙo makulli ta leƙa ta taga.

"Yau za a yi sanyi mai tsanani. Tsofaffin motocin nan naku suna da koren ruwa a lagireto ko?"

Ku da ke gida, koren ruwan nan shi ne wanda ba ya daskarewa. Na ce mata da hannuna na zuba shi a watan Afrilu. Har da ɗan ɗaga kafaɗa na faɗa. Yaya yana tsaye a gefena yana ɗumama hannu a murhu, Turancin tsohuwar ta hanci yake fita, bai kama ko kalma ɗaya ba. Ni kuma ban fassara masa ba. Me zan fassara? Duk ranar da na tuna wannan minti ɗayan sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan Magariba muka ci soyayyen kifi da dankali, Malam Bitrus ya karanta sakamako. Gudu da hawa na Alhaji, kwana da tattalin mai nawa. Biyu da biyu. Ya ce raba gardama gobe da safe, wadda ta fara tashi cikin sanyi ita ta ci. Na kwanta da murna, don na san halin motata.

Lahadi, ƙarfe bakwai saura kwata

Ciyawa ta yi fari fat. Na fito da makulli a hannu, sai na ga wani abu yana reto a ƙarƙashin Tsanwa, ƙanƙara ce doguwa kamar rogo. Gabana ya faɗi. Na ɗaga bonet, na murɗe murfin lagireto da ƙyar. Ƙanƙara ce cunkus a ciki, fara sol, babu ko ɗigon kore. Na haska gefen injin da waya. Ga tsaga nan a jikin bulok, wato gangar injin, tsawon tafin hannuna, ƙanƙara ta kunno kai ta cikinta. Kun san yadda kwalbar zoɓo ke fashewa in an manta ta a firiza. To haka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara bakwai!

Na hau faɗa. Na zagi shagon da suka sayar mini da koren ruwan, na ce jabu suka ba ni, na ce sai mun haɗu a kotu, na ce ƙasar nan ma ta cika da macuta. Alhaji, in faɗi gaskiya, ko kunna tasa bai yi ba. Ya zo ya leƙa ya ce, "Subhanallahi," ya cire hularsa ya mayar. Yaya yana tsaye, ya zuba wa tsagar ido.

Ƙarfe tara da kwata janwe, motar ɗaukar matattun motoci, ya iso. Direban dattijo ne mai farin gemu. Ya ɓalli ƙanƙarar ya shinshina, ya murza ta a yatsa.

"Ba jabu ba ne, ɗan'uwa. Wannan ruwan famfo ne zalla. Wa ya zuba mata?"

"Me ya ce?" in ji Yaya.

Na fassara masa. Sai ya ce, "Ni ne."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Lokacin zafin nan, kana wurin aiki. Na ga tana wahala. Na zubar da koren, na wanke lagireton da omo, na cika shi da ruwan tiyo. Na cire tamostat ɗin ma, abin da ke riƙe wa inji zafi, yana cikin jakata. Haka muke yi wa duk motar da ta zo daga waje, kai ma ka sani. Da na ga kana murna kana cewa kafireto ne, sai na ce bari in bar yaro da farin cikinsa."

Kaina ya yi zafi, idona ya rufe. Ban ga Alhaji ba, ban ga Malam Bitrus ba, ban ga furfurar da ke gabana ba.

"Wa ya sa ka? Wa ya aike ka? Nan ba Panteka ba ce, Yaya! Aikin Panteka a bar shi a Panteka, inda ba a san darajar mota ba!"

"Habibu!" Alhaji ya daka mini tsawa. "Wanka ne fa!"

Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Mutumin da ya yi shekaru a kwance ƙarƙashin motocin mutane don in yi makaranta, shi na faɗa wa haka a gaban baƙi. Ya gyara mayafinsa, ya juya wurin Alhaji.

"Alhaji, ko za ka rage mini hanya?"

Saukowa

Goma saura minti ashirin muka bar masaukin. Yaya a cikin jar motar da ya kira roba, ni da Malam Bitrus a gaban janwe, Tsanwa a ɗaure da sarƙa a bayanmu tana ɗigar da ruwa. A Deep Gap na tambayi direban ko ana gyara irin wannan tsagar. Ya girgiza kai.

"Walda ba ta kama irin ƙarfen nan da kyau. Nemi wani injin."

Wani injin! Har Wilkesboro ina huci. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin sanyi, ina jin haushin tsohuwar da ba ta iya magana a hankali ba. Malam Bitrus ya bar ni sai da muka wuce Yadkinville.

"Malam Habibu, allurar nan tun jiya take gaya maka. Hita ma ta gaya maka. Wata biyu ba ka buɗe murfin lagireto ba, saboda kana jin daɗin yabo. Yayanka ya yi kuskure, ban musa ba. Amma shi don ƙauna ya yi nasa."

"Ni fa ba wa'azi na nema ba."

"Alƙali kuka naɗa ni."

Mun tsaya shan mai minti goma a Kernersville, ko fita ban yi ba.

Gida, ƙarfe ɗaya saura minti ashirin

Sun riga mu isowa. Alhaji ya tafi, Yaya yana zaune a kan benci a ƙofar gareji, tamostat ɗin a ajiye a gefensa cikin leda. Maman Ikram ta leƙo ta ga fuskokinmu ta koma. Da aka sauke motar ya taso, ya tsaya nesa da ita taku biyu, hannuwansa a baya.

"Ana ɗinke irin wannan. Ba da wuta ba. Na yi wa manyan motoci da yawa." Ya dube ni. "Ka yarda in taɓa ta?"

Tun da aka haife ni mutumin nan bai taɓa neman izinina a kan komai ba. Na shiga na ɗauko masa abin huda ƙarfe na miƙa masa da hannu biyu.

Kwana shida ya yi a kai, ya ɗage tafiyarsa saboda ita. Da sabon idonsa ya bi tsagar, ya huda ƙarshenta biyu don kada ta ci gaba. Sannan ya huda rami, ya yanka masa zare, ya ɗaura ƙusa, ya yanke kanta, ya huda na gaba yadda zai ciji na baya. Haka ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya bi da guduma da zarto. Ni ina riƙe masa fitila. "Matso da ita," "ɗaga," iyakar abin da ya haɗa mu ke nan. Na ba shi haƙuri ranar farko, na sake ba shi rana ta uku. Ya ce, "Ba komai," ya ci gaba da huda.

Na sa sabon lagireto, na mayar da tamostat, na zuba koren ruwa a gabansa. Ranar Asabar na murɗa makulli. Ta tashi. Muka bar ta tana aiki awa guda, allura ta hau tsakiya ta tsaya, ɗinkin ko gumi bai yi ba. Injin da ta fito da shi daga kamfani yana nan da ransa. Na zagaya da sauri na buɗe masa ƙofa.

"Bismilla, Yaya, mu zaga unguwa."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya dubi kujerar.

"A'a, je ka kai kaɗai. Kayan Panteka ne a jikina, kada in ɓata maka."

Ranar Talata ya tashi. A motar Maman Ikram na kai shi filin jirgi.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu da rai da lafiya. Na gode wa Alhaji Garba, wanda har yau bai ce shi ya ci ba, da Malam Bitrus da ya yaga takardar sakamakon, da dattijon janwe. Ku kuma da ke Kaduna, duk wanda hanya ta bi da shi ta Panteka, don Allah ya tsaya ya ce wa Yaya Sani motar tana lafiya, ƙaninsa kuma yana kira, ya daure ya ɗauka.